Algaita Mai Salka da Gizagon Kakana

'Yan ajinmu sun san rabin wannan labari, domin su ne suka laƙaba mini Sarkin Busa tun ranar da suka same ni bayan darasin Asabar na kara wayar yayana a kunne ina sauraron abin da suka kira kukan akuya. Da shugaban kulob ɗinmu ya ce kowa ya kawo rubutu a kan abin da yake yi in an tashi daga makaranta, sai na ce to, bari in kawo sauran rabin, ko Allah zai sa in huta da tsokana.

Mu asalinmu mutanen wani ƙauye ne a ƙasar Zurmi. Ina aji huɗu na firamare muka kwaso kaya muka dawo Ƙaura, kuma ba sai na faɗi dalili ba, don kusan kowane aji a makarantar nan akwai wanda aka taso da shi cikin dare kamar yadda aka taso da mu. Kakana masassaƙi ne, gado ya yi wurin ubansa. A ƙauye ba a kiran sunansa, Sakke kawai ake cewa. Turmi da taɓarya da akushi da kujerar mata da ƙotar fartanya duk yana yi, kuma a da can da wuya kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis ta ci ba da kayansa ba. Ranar da muka taso, Inna ta ɗauki tukwane, Baba ya ɗauki takardunsa na makaranta, shi kuwa Kaka buhu ɗaya ya rungumo. A ciki akwai gizago biyu da gatari da wuƙaƙe da ƙarafan huda, sai wani ƙunshin tsumma da bai yarda kowa ya taɓa ba.

A Ƙaura aikin bai tafi ba. Masassaƙi da daji yake ci, daji kuwa ya gagari shiga. Ƙirya da marke da maɗaci suna can tsaye inda ya bar su, amma wa zai ɗauki gatari ya je? Ga kuma roba da silba sun kori akushi daga gidaje. Sai ya koma zama a zaure yana gyara wa mutane ƙota.

A watan Satumba na 2021, lokacin da ya kamata in shiga aji ɗaya na ƙaramar sakandare, aka rufe makarantu a Zamfara, aka katse layukan waya, aka hana cin kasuwannin mako. Kowa ya tuna zaman da aka yi. Ba boko, ba waya, ba inda za a je. Wata safiya ina ta gilmawa ta zaure na rasa abin yi, sai Kaka ya ce, "Abokina, tunda ba ka da aiki sai auna ƙasa, taho ka riƙa man wanga icce."

Daga riƙon icce aka fara. Abu na farko da ya bar ni na yi da hannuna muciya ce, ta fito a karkace har Inna ta ce sai dai a tuƙa tuwon aljanu da ita. Na biyu koshiya. A na uku na sare babban yatsana na hagu, tabon yana nan ga mai son gani. Kaka bai ce mini sannu ba sai da ya gama ɗaure shi, sannan ya ce, "Ba haka aka riƙon gizago ba. Kai kana sara awa kana hwaɗa da icce. Duba inda jijiyatai tab bi, ka bi ta." A wannan zama na koyi cewa ɗanyen icce yana da daɗin sara amma yana tsagewa in ya bushe da gaggawa, don haka a inuwa ake ajiye shi. Na koyi bambanta ƙirya da marke da ƙamshi kawai. Aduwa ta allo ce. Ƙirya ta turmi ce da taɓarya, saboda taurinta da kuma gara ba ta cika damun ta ba.

Sai da muka yi wata guda a haka ya kwance mini ƙunshin tsumman nan. Gangar jikin algaita ce guda uku, ba a gama ko ɗaya ba. Ashe shi ne yake sassaƙa wa mabushin gidan hakiminmu. Ya nuna mini yadda yake yin ta gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa a rarake cikinta, ramin ya faro ƙunci daga sama yana buɗewa har ya kai bakin nan mai faɗi. Ya ce algaita ɗaya hannun mutum huɗu take bi kafin ta yi magana: masassaƙi ya fitar da jiki, baduku ya rufe shi da fata, maƙeri ya yi ɗan bututun ƙarfe da faifan da leɓe ke tokara, mabushi kuma ya yanka ɗan karan da ake sawa a baki, don wannan ba ya yarda wani ya yanka masa. Na tambaye shi ko ya iya busawa. Ya dube ni kamar na zage shi. "Mu muna sassaƙa ta. Busa ta masu ita ta."

Shekara guda bayan haka, ranar 19 ga Satumba 2022, aka yi jana'izar Sarauniyar Ingila. Da dare Kawuna ya zo da hoton bidiyo a wayarsa, muka taru a zaure muna kallo. Can wajen ƙarshe sai ga wani mutum sanye da zane mai gidan dara iya gwiwa, ya maƙale wata jaka a hammata, sanduna uku sun miƙe a kafaɗarsa, yana busa yana tafiya a hankali, sautin yana nisa yana nisa har ya ɓace. Tsigar jikina ta tashi. Na ce, "Wallahi algaita ce." Kawu ya yi dariya, ya ce ina Bature ina algaita.

Kaka ya karɓi wayar ya kara a kunne, don idonsa ya riga ya fara rauni. Ya saurara, ya ce, "Wanga mabushi, yaushe yaka shaƙar iska?" Aka bayyana masa cewa jakar ce take riƙe iskar. Ya yi dariya har da tari. "Raggon mabushi dai! Ya aza ma salka aikin kumatu." Tun daga ranar nake kiranta algaita mai salka, ko da yake masu ita bagfaif suke cewa. Amma da ya gama dariyar sai ya ce a sake sa masa, aka sake, har sau uku. Sannan ya sa aka tsayar da hoton, ya kawo shi dab da ido yana duban sandunan, ya ce wanda ya sassaƙa waɗannan ya san aiki, kuma ba da gizago ya yi ba.

Maganar Kaka ta farko gaskiya ce, in an cire zagin. Duk wanda ya tsaya kusa da mabushin algaita ranar hawan Sallah ya ga yadda kumatunsa suke kumbura kamar za su fashe. Iska yake tarawa a ciki, yana matso ta cikin algaitar a daidai lokacin da yake jan wata ta hanci, shi ya sa sautin ba ya yankewa. Mutanen Sikotlan, waɗanda ƙasarsu take arewa da Ingila, sun ba jakar fatar tunkiya ko ta saniya wannan aiki. Mai busa yana hura ta ta wani bututu, yana matsa ta da hannu, ita kuma tana raba iskar gida huɗu. Sanduna ukun da ke kafaɗa kowace murya ɗaya tak take fitarwa, ba ta canzawa, su ne suke ba da gunjin nan da ke ƙarƙashi. Ta huɗun, wadda ke tsakanin yatsu, ita ce 'yar uwar algaitarmu sosai, don ita ma tagwayen harshen kara ne a kanta. Ramukanta takwas, muryoyinta tara. Tamu ramuka huɗu ne galibi. Wani abin da ya ba ni mamaki kuma, a Maroko akwai abin busa irin namu da suke kira gaita, a arewacin Sifen kuma mai jakar ce suke kira gaita.

Maganarsa ta biyu ma gaskiya ce. Ba a sassaƙa sandunan da gizago. Ana ɗaura iccen ne a inji mai juya shi da gudu, mai aiki ya kara masa kaifin ƙarfe, iccen yana juyawa yana zubar da ɓawo har ya fito sumul, ko'ina daidai. Iccen da suka fi so kuwa daga Afirka ake kai musu shi. Wani baƙin icce ne da ake sarowa a Tanzaniya da Mozambik, masu jin Suwahili suna ce masa mpingo. Don nauyi nutsewa yake a ruwa, kuma kafin ya isa sara yakan yi shekarun da suka fi na Babana. Da na faɗa wa 'yan ajinmu cewa kukan akuyar da suke yi wa dariya daga cikin iccen Afirka yake fitowa, wani ya ce to ai shi ya sa akuyar take kuka, gida take so.

Daga nan duk kuɗin da na samu na data a kan wannan yake ƙarewa. Na gano cewa su ma busa gado ce a wurinsu a da. Akwai gidan MacCrimmon a tsibirin Skye, waɗanda suka yi zuriya bayan zuriya suna yi wa shugabannin gidan MacLeod busa, kamar dai yadda kowace fada a ƙasar Hausa take da gidan mabusanta. Tun 1843, zamanin Sarauniya Biktoriya, mai sarautar Ingila yake da mabushinsa na kansa da ke yi masa busa kowace safiya da ƙarfe 9 a ƙarƙashin taga. Wanda ya san yadda ake yi wa sarakunanmu kiɗa da busa a ƙofar fada daren Juma'a ba zai ga baƙon abu a nan ba. A 1746, bayan an ci mutanen tuddansu da yaƙi a Culloden, an kafa dokar hana su sa tufafinsu na gargajiya, ba a soke ta ba sai 1782. Zanen nan da muke yi wa dariya, an taɓa hukunta mutum a kansa. Malaminmu na tarihi ya ƙara mini da cewa Clapperton, Baturen da ya zo Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1824, mutumin Sikotlan ne, ta Zurmi ya bi zuwa Katsina a hanyarsa ta komawa, kuma da ya sake dawowa a kusa da Sakkwato ya rasu a 1827. Ko a Abuja ma, duk wanda ya kalli faretin sojoji na 15 ga Janairu ko na 1 ga Oktoba zai ga sojojinmu rungume da algaita mai salka, gadon sojan mulkin mallaka. Wannan yana ɗan sosa mini rai, ganin tamu ba ta samu wannan gata ba, amma ban fasa kallo ba.

Akwai abu ɗaya da na yi da-na-sanin karanta wa Kaka. Na ce masa shekaru wajen 200 da suka wuce, masu ƙasa a tuddan Sikotlan sun tashi talakawa daga ƙauyukansu don su zuba tumaki, mutane da yawa suka hau jirgin ruwa zuwa Kanada da wasu ƙasashe, suka tafi da busarsu. Ya ce, "Su ma an tashe su?" Na ce e. Ya ce, "To, sun koma?" Na ce mafi yawansu ba su koma ba, har yau kangayen suna nan. Bai sake magana ba a daren, tuwonsa ma rabi ya ci.

Inji kuwa a nan Ƙaura na same shi. Akwai wani kafinta wajen tsohuwar tashar jirgin ƙasa, layin nan da ya iso garin nan a 1929 ya tsaya, wanda yake da injin juya icce da yake fitar da ƙafafun gado da na kujera. Na yi sati uku ina tsayawa a bakin shagonsa kafin ya ce ko dai in shigo in yi shara ko in ba shi wuri. Muka shirya: ranar Asabar in share masa ɓawo in wasa ƙarafa, in an kawo wuta bayan ya gama nasa ya bar ni in taɓa. Ranar farko ƙarfen ya kama iccen ya fizge daga hannuna ya bugi kwano. Ashe a nan ba a sara ko kaɗan. Jingina kaifin kake yi a hankali, ka bar iccen ya kawo kansa. Duk abin da gizago ya koya wa hannuna sai da na danne shi.

Matsalar icce ta rage. Katakon shago farin katako ne mai laushi, bai yi wa algaita ba. Ina cikin wannan tunani sai taɓaryar Inna ta karye, wadda Kaka ya sassaƙa mata ta ƙirya tun tana amarya. Ta bushe fiye da shekara ashirin, ga ta doguwa, ga kai mai kauri da zai ba da bakin algaita. Inna za ta sa ta a murhu na ƙwace. Rabin farko ya tsage a hannuna wajen huda, don na yi gaggawa. Rabi na biyu na bi shi a hankali har Asabar biyar, Kaka yana faɗa mini awo daga zaure ina zuwa shago ina yi.

A nan ne Baba ya shigo maganar. Baba malamin firamare ne, shi ne na farko a gidanmu da ya ajiye gizago. Wata rana da yamma ya same ni a bayan ɗaki na sa ɗan kara a baki ina gwada hurawa, kumatu a kumbure. A makon ne kuma aka ba mu sakamakon jarrabawa, lissafina ya faɗi ƙasa warwas. Bai doke ni ba, ya dai zaunar da ni. Ya ce bai baro ƙauye da mu ya zo yana biyan haya don in zama maroƙi ba. Ya ce sassaƙa ba ta ciyar da wanda ya ƙware a kanta yau, balle ɗan koyo, in ban gaskata ba in leƙa zaure. Ya ce ga kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya nan a garinmu, in ina son inji in ci jarrabawa in je in koye shi da takarda.

Na rasa abin cewa, don ban ga ƙarya a maganarsa ba. Abin da kawai ya tsaya mini a rai shi ne kalmar maroƙi. Mu mutane ne masu tashi tsaye in algaita ta taso a gaban sarki, amma in ɗan mabushi ya zo neman aure sai a fara duban juna. Narambaɗa mutumin Tubali ne a ƙasar Shinkafi, yau a jami'o'i ake nazarin waƙoƙinsa. Kassu Zurmi ya kai sunan garinmu inda da yawa daga manyanmu ba su kai shi ba. Duk da haka ba uban da na sani da zai yi murna in ɗansa ya ce zai bi sawunsu. Ban faɗi wannan a gaban Baba ba, a nan nake faɗa, kuma na san wani malami zai kai masa.

Kaka ne ya raba gardamar daga zaure, ashe yana ji. Ya ce wa Baba, "Kai da kab bar gizago kaɗ ɗauki alli, na hana ka? Bar yaro shi gama abin da yaf fara." Baba ba ya musu da Kaka. Aka yanke cewa Asabar tawa ce muddin lissafi bai sake faɗuwa ba, sassaƙa an yarda, busa ba a yarda ba. Na karɓa. Ba zan ce son busar ya fita daga raina ba.

Da aka gama jikin, muka kai wa baduku ya rufe da jar fata, Kaka ya ciro bututun ƙarfe daga cikin tsoffin kayansa. Mabushin hakiminmu ma yana nan Ƙaura wurin ɗansa, shi ma an taso shi. Ya tsufa, haƙoransa sun zube, ya ce rabonsa da busa tun ƙauye. Muka same shi a kan tabarma bayan La'asar. Ya juya algaitar a hannu, ya leƙa cikinta ta wajen haske, ya shafa, ya ce wa Kaka, "Sakke, wagga ba aikin hannunka ba ta." Kaka ya ce aikin abokinsa ne. Tsohon ya aika aka ɗauko masa wani ɗan gwangwani, ya zaɓi kara ya jiƙa a baki, ya ɗaura, ya kumbura kumatu.

Ta yi magana. Yaran unguwa suka sheƙo a guje, wata tsohuwa a cikin gida ta rangaɗa guɗa. Ya fara taken hakiminmu, wanda rabona da ji tun ina ƙarami a kafaɗar Baba ranar Sallah, na ga Kaka ya sunkuyar da kai. Amma bai kai ƙarshe ba ya tsaya. Ya sake gwadawa, ya sake tsayawa a wuri ɗaya. Ya ce ramuka uku lafiya lau, na huɗun ya hau sama da wurinsa, muryar tana fita a karkace, ba za a iya shiga gaban sarki da ita ba.

Kaka ya karɓa ya aza yatsunsa a tsakanin ramukan. Ya ce, "Ba yatsa biyu nic ce maka ba?" Na ce yatsa biyu na sa. Ya kamo hannuna ya jera yatsuna a kan nasa, sai mabushin ya fashe da dariya. Sauran ramukan da tsinken awo ya ba ni tazararsu, wannan kaɗai ya faɗa mini da baki, ni kuma na auna da nawa yatsun. Yatsun mutumin da ya yi shekara sittin yana riƙe da gizago ba ɗaya suke da na ɗan SS2 ba.

A daren na ɗauko rula daga cikin kayan lissafina na auna yatsun Kaka ɗaya bayan ɗaya, yana ta mita wai na mai da shi gawa ana auna masa likkafani. Yatsa biyunsa santimita 4 ne, nawa 3 da ɗan kai. Na kwance ƙunshin tsumman na auna algaitun nan uku da bai gama ba, tsawo da kauri da faɗin rami, na rubuta duka a bayan littafina na fizis. Mabushin ya ce in kawo wata kafin Babbar Sallah in yana da sauran numfashi, kuma jikansa ya fara zama kusa da shi in ana maganar.

Abin da ba ni da shi yanzu icce ne. Don haka duk wanda taɓaryar gidansu ta karye, in ta ƙirya ce kuma ta daɗe, don Allah kada a sa ta a wuta. A tambayi Sarkin Busa a SS2, kujerar baya kusa da taga. Zan biya da muciya, kuma yanzu tana fita a miƙe.